Daga DVD Zuwa Blu-ray: Tarihin Faifan Da Ya Ci Yaƙi Ya Rasa Kasuwa

Duk mai son fim da ya tara faya-fayan DVD a kabad, wata rana sai wannan tambayar ta same shi: shin ya dace ya sake zuba kuɗi ya sayi na'urar Blu-ray, ya kuma sake sayen fina-finan da yake da su, don kawai an ce hoton sabon faifan ya ninka na tsohon sau biyar ko shida? Tun daga shekarar 2006 mutanen Amurka da Turai da Japan suke wannan muhawara. Kamfanoni sun ba da tasu amsar a cikin talla, masu saye kuma sun ba da tasu da aljihunsu, kuma amsoshin biyu ba su zo ɗaya ba. Wanda yake son ya gane dalili, sai ya koma baya kaɗan ya ga yadda fim ya shigo ɗakunan mutane tun farko.

Darasin kaset

A shekarar 1975 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da kaset ɗin bidiyo mai suna Betamax. Bayan shekara ɗaya, a 1976, kamfanin JVC ya fito da nasa mai suna VHS. Kaset ɗin wannan ba ya shiga na'urar wancan. Masana da yawa sun riƙa cewa hoton Betamax ya ɗan fi kyau, amma kaset ɗinsa na farko awa ɗaya kawai yake ɗauka, na VHS kuwa awa biyu, wato daidai tsawon fim guda. Ƙari a kan haka, JVC ya bai wa kamfanoni da yawa izinin ƙera na'urarsa, sai ta yawaita, farashinta ya sauko, shagunan hayar kaset suka cika da VHS. A 1988 Sony da kansa ya fara ƙera na'urar VHS.

A tsakanin nan an yi wani faifai da ya fi su duka kyawun hoto. Sunansa LaserDisc, ya fito a Amurka a ƙarshen 1978, faɗinsa santimita 30, kamar faifan garmaho. Yana da tsada, ba a iya naɗar komai a kansa, kuma tilas mai kallo ya tashi a tsakiyar fim ya juya shi. Ya samu masoya a Japan da kuma cikin 'yan ƙwalisar kallo, amma bai taɓa shiga gidajen talakawa ba. Tun daga lokacin kasuwa ta nuna halinta: in aka ajiye wa mutane kyawun hoto a gefe ɗaya, araha da sauƙi a ɗaya gefen, yawancinsu araha da sauƙi suke ɗauka.

Yadda DVD ya kori kaset

A 1993 aka fito da VCD, wato bidiyo a kan faifan CD. Hoton talabijin da na faifai an gina shi ne da ƙananan ɗigo-ɗigo jere a layi, kuma gwargwadon yawansu, gwargwadon fitowar hoton tar. A tsarin da ƙasashenmu suke bi, VCD yana da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, bai wuce kaset da komai ba, kuma faifai ɗaya minti saba'in da 'yan kai yake ɗauka, shi ya sa fim yake zuwa a faifai biyu. Turawa ba su kula shi ba, amma ya mamaye Sin da kudu maso gabashin Asiya, daga baya ya iso Afirka, saboda arahar bugawa da arahar na'ura.

Shi kuwa DVD saura kaɗan a haife shi cikin rikici. A 1995 Sony da Philips suna da nasu tsarin, Toshiba da Time Warner da abokansu suna da nasu. Kamfanonin kwamfuta, IBM a kan gaba, suka ce ba za su yarda a maimaita abin da ya faru tsakanin Betamax da VHS ba, ko a haɗe ko su ƙi karɓar kowanne. A watan Satumba na wannan shekara aka daidaita a kan faifai ɗaya. Ya shiga kasuwar Japan a Nuwamban 1996, ta Amurka a Maris na 1997.

Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai shimfiɗa biyu 8.5. Hotonsa ɗigo 720 ne a kwance, a tsaye kuma 480 a Amurka da Japan, 576 a Turai da Afirka. Amma abin da ya ja mutane ya wuce hoto. Babu sauran tariyo kaset bayan an gama kallo. Babu zaren da zai cukurkuɗe a cikin na'ura. Hoto ba ya dusashewa don an kalla sau ɗari. Mutum yana iya tsallakawa zuwa wurin da yake so, ya zaɓi harshe, ya kunna fassara a ƙasan hoto. Muhimmi kuma, duk wannan yana samuwa a kan tsohuwar talabijin da take ɗakin, ba sai an sayi sabuwa ba. Da na'urar wasa ta PlayStation 2 ta fito a 2000 tana kunna DVD, sai miliyoyin gidaje suka samu na'urar ba tare da sun nema ba. A watan Yuni na 2003 hayar DVD ta zarce hayar kaset a Amurka. Shekara shida kacal ya ɗauka.

Shuɗin haske

Ana karanta faifai ne da siririn hasken leza da yake bin wasu ƙananan ramuka da ido ba ya gani. In aka samu haske mai gajeren zango, sai a ƙara ƙanƙanta ramukan, a cusa bayanai masu yawa a fili ɗaya. Zangon hasken CD nanomita 780 ne, na DVD ja ne mai nanomita 650. Mataki na gaba shi ne shuɗi, kuma shi ne ya daɗe yana gagarar masana. Wani injiniya ɗan Japan, Shuji Nakamura, da yake aiki a kamfanin Nichia, ya samar da fitila shuɗiya mai ƙarfi a 1993, daga baya kuma leza mai launin shuɗi. Saboda wannan fitilar aka ba shi kyautar Nobel a 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Da leza mai nanomita 405, faifai mai girman DVD ya iya ɗaukar fim mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye.

In an lissafa, wannan ɗigo 2,073,600 ne a kowane hoto. DVD na Amurka yana da 345,600, wato an ninka shi sau shida. Na Turai da Afirka yana da 414,720, an ninka shi sau biyar. Lissafin da masu talla suke ambata ke nan, kuma gaskiya ne.

Yaƙin shekara biyu

Hikimar da aka yi a 1995 ba a sake yin ta ba. A Fabrairun 2002 Sony da Philips da Panasonic da Samsung da wasu suka sanar da Blu-ray, mai gigabait 25 a shimfiɗa ɗaya, 50 a biyu. Toshiba da NEC suka fito da HD DVD, mai 15 da 30. Bambancin yana cikin ginin faifan. A HD DVD bayanan suna binne a zurfin milimita 0.6 kamar na DVD, don haka tsofaffin masana'antu suna iya buga shi da ɗan gyara kaɗan. A Blu-ray zurfin milimita 0.1 ne kawai, ya fi ɗaukar kaya, amma sai an kafa sababbin injuna, kuma sai da aka ƙirƙiro masa wani shafi mai tauri don kada ƙarzuwa ta kashe shi. An zauna sulhu a 2005, aka tashi baram-baram.

Toshiba ne ya riga shiga kasuwa, a ƙarshen Maris na 2006 a Japan, a Afrilu kuma a Amurka, inda ƙaramar na'urarsa take dalar Amurka 499. Na'urar Blu-ray ta Samsung ta biyo baya a Yuni da kusan dala 1,000. Kamfanonin fim suka rabu: Universal yana bayan HD DVD, Sony Pictures da Disney da Fox suna bayan Blu-ray, Warner da Paramount suna buga duka biyun. Mai saye ya rasa na kamawa, domin duk na'urar da ya ɗauka akwai fina-finan da ba zai samu ba. Da yawa suka naɗe hannu suna jira.

Sony ya maimaita dabararsa ta da. PlayStation 3 da ta fito a Nuwamban 2006 tana ɗauke da Blu-ray a cikinta. Microsoft ya goyi bayan HD DVD, amma a na'urarsa ta Xbox 360 sai mutum ya sayi akwatin faifan daban a kan dala 199. A Agustan 2007 Paramount ya koma HD DVD kaɗai, har aka zaci yaƙin zai yi tsawo. Sai a ranar 4 ga Janairun 2008 Warner ya sanar cewa zai tsaya a Blu-ray. Cikin makonni shida Netflix da Best Buy da Walmart suka bi sahu. Ranar 19 ga Fabrairun 2008 Toshiba ya ajiye makamai. Waɗanda suka yi gaggawar sayen HD DVD suka tashi da na'urar da ba za a ƙara buga mata sabon fim ba.

Nasarar da ta zo a makare

Masu Blu-ray sun ɗauka tarihin DVD zai maimaita kansa. Bai maimaita ba. Da farko, 2008 ita ce shekarar da tattalin arzikin duniya ya shiga mawuyacin hali, kuɗin nishaɗi ya ragu a hannun jama'a. Na biyu, yayin da kamfanonin biyu suke kokawa a kan faifai, wani abokin hamayya ya shigo ta bayan gida. YouTube ya fara a 2005, Netflix ya fara nuna fim kai tsaye ta intanet a Janairun 2007. Hoton intanet na lokacin bai ko kai na DVD ba, amma ba sai an fita daga gida ba. Darasin kaset ya sake dawowa.

Na uku shi ne babba. Komawa daga kaset zuwa DVD ya sauya yadda ake kallo gaba ɗaya. Komawa daga DVD zuwa Blu-ray kuwa faifai ne dai irin na jiya, ana saka shi kamar jiya, abin da ya ƙaru shi ne kaifin hoto da ingancin sauti, su ma sai mai sabuwar talabijin da manyan lasifikoki ne zai san an yi. Shi ya sa shekara da shekaru bayan Toshiba ya janye, in aka ƙirga yawan faya-fayan da ake sayarwa a Amurka, DVD ne dai a gaba. A 2016 aka fito da Ultra HD Blu-ray mai ɗigo 3840 da 2160, amma kasuwar faifai tana ta tsukewa. A 2019 Samsung ya daina kawo sababbin na'urorin Blu-ray a Amurka. A Satumban 2023 Netflix ya rufe sashensa na aika faifai ta gidan waya, a farkon 2024 kuma Best Buy ya kwashe faya-fayan fim daga kantunansa.

Abin da ido yake iya gani

Me ya sa mutane da yawa suka ce ba su ga wani bambanci ba? Akwai iyaka ga abin da idon ɗan Adam yake rarrabewa. Lafiyayyen ido yana bambance ɗigo biyu ne in tazararsu ta kai kashi ɗaya cikin sittin na digiri ɗaya. A talabijin mai inci 40, kowane ɗigo na hoton Blu-ray bai kai rabin milimita ba, don haka sai mutum ya zauna a nisan mita ɗaya da rabi ko kusa da haka kafin ya more shi duka. In ya ja baya zuwa mita uku ko huɗu, kamar yadda ake zama a falo ko a tsakar gida, yawancin ƙarin ya ɓace wa idonsa. In talabijin ɗin inci 32 ce, sai ya ƙara matsowa. In kuwa tsohuwa ce mai ƙeya, ba ta ma iya nuna ɗigon da ya wuce na DVD, kuɗin ya tafi a banza. Amma a inci 55 ko 65, ko ga mai haska majigi a bango, bambancin a fili yake, DVD ya kan fito da laushi kamar an shafa masa mai.

Akwai kuma abin da ya rage wa masu tsofaffin faya-fayai damuwa. Na'urar Blu-ray tana kunna DVD, tana kuma shimfiɗa hotonsa ya cika sabuwar talabijin. Ba ta ƙirƙiro abin da babu, amma tana gyara gefunan hoto. Don haka sayen na'ura bai wajabta zubar da abin da yake cikin kabad ba.

Abin da kyamara ba ta ɗauka ba

Sharaɗi mafi girma shi ne wanda masu talla ba su cika faɗa ba. Faifai mazubi ne, ba ya ba da abin da ba a zuba masa ba. Darajar sabon faifai tana rataye ne da abin da aka ɗauki fim ɗin a kansa tun ranar farko.

Fina-finan silima na da an ɗauke su ne a kan zaren fim mai faɗin milimita 35, wasu 65, kuma wannan zaren yana riƙe da bayanai fiye da yadda DVD zai iya nunawa. Shi ya sa tsohon fim ya kan fi sabo cin moriyar Blu-ray. Lawrence of Arabia na 1962, da aka ɗauka a zare mai milimita 65, an sake wanke shi aka fitar a 2012, har mai kallo yana ganin saƙar rawani da tsakuwar hamada. A ɗaya ɓangaren, fim ɗin Ingila 28 Days Later na 2002 an ɗauki yawancinsa da ƙaramar kyamarar bidiyo ta DV, don haka Blu-ray ɗinsa bai tsere wa DVD da wani abin kirki ba.

Ko da zaren yana da kyau, sai an samu masu aikin da suka san abin da suke yi. Blu-ray na farko na fim ɗin Patton a 2008, da wani bugu na Predator a 2010, an goge musu ƙwayar hoto da kwamfuta har fuskokin 'yan wasa suka koma kamar na roba. Masu saye sun yi ƙorafi a kan bugun farko na Gladiator na 2009 har aka sake aikin a 2010. Rubutun da yake jikin kwali bai isa shaida ba.

Ina namu fina-finan?

Wannan sharaɗin ya shafe mu kai tsaye. Masana'antar fim ɗin Hausa ta Kano a kan kaset aka haife ta, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Daga kaset ta koma VCD, daga nan DVD, ana lodi daga Ƙofar Wambai zuwa Maraɗi da Damagaram da Yamai, zuwa Garwa da Njamena da zangon Kumasi. Blu-ray bai taɓa samun gindin zama a waɗannan kasuwanni ba. Kafin ya yi araha, satar fasaha ta riga ta karya cinikin faifai, jama'a sun koma wurin masu tura fim a waya da memori, daga nan sai YouTube. Mun tsallake matakin gaba ɗaya, kuma ga fina-finan wancan zamani ba mu yi asarar komai ba, domin abin da aka ɗauka da kyamarar VHS ko DV yana da iyakar layukan da aka haife shi da su. Ko an zuba Sangaya a faifai mai gigabait 50, hotonsa ba zai wuce abin da kyamarar ta gani ba.

Amma muna da wasu fina-finan da aka ɗauka a zare, kuma su ne za su amfana. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. A Senegal, Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty da La Noire de... na Usman Sembène an gyara su, kuma dukansu sun fito a Blu-ray. Nijar ma tana da irin wannan dukiya: ayyukan Mustafa Alasan, da na Umaru Ganda wanda fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, da kuma Sarauniya na Med Hondo na 1986, da aka ciro daga littafin Abdullahi Mamani. Muddin zarensu yana nan lafiya, duk sabuwar fasaha da ta zo za ta ƙara fito da su.

Saboda haka amsar tambayar farko tana da sharuɗɗa uku. In fim ɗin a zare aka ɗauke shi ko da kyamarar zamani mai kaifi, in talabijin ɗin babba ce kuma ana zama kusa da ita, in kuma fim ne da mutum zai riƙa komawa gare shi, to sayen Blu-ray ɗinsa ba asara ba ne. Har yau hotonsa da sautinsa sun fi yawancin abin da ake turowa ta intanet cika, ba ya cin data, ba ya tsayawa don sabis ya ɗauke, kuma babu kamfanin da zai wayi gari ya cire shi daga kabad ɗin mai shi. In ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, DVD ɗin da yake hannu ya wadatar, a bar kuɗin a aljihu.

Ga masu shirya fim da hukumomin al'adu kuwa, tarihin nan yana da wani saƙo da ya fi na mai saye nauyi. Betamax ya tafi, LaserDisc ya tafi, HD DVD bai cika shekara biyu a kasuwa ba, kamfanin Funai ya ƙera na'urar VHS ta ƙarshe a 2016. Fina-finan da suka tsira daga kowane sauyi su ne waɗanda aka adana asalinsu. Kaset-kaset na asali na fina-finan Hausa na shekarun 1990 suna kwance a shaguna da ɗakunan ajiya, zafi da ƙura da damina suna cin su, na'urorin da za su karanta su kuma suna ƙarewa. Ba za a iya ƙara musu kaifi ba, amma ana iya kwafe su zuwa kwamfuta tun suna karantuwa, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Wanda yake ɗaukar fim a yau kuma, ya ajiye asalin aikinsa yadda ya fito daga kyamara, kada ya dogara da matsattsen kwafin da ya ɗora a intanet, domin daga wannan asalin ne za a ciro duk wani bugu da za a yi nan gaba.